Manhaja ce ke gyara mini rahoto, ga shi ana so a ƙara mini matsayi

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yar Marwa ce, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji, aikina shiga ƙauyukan wajen Mora da Mokolo, in zauna da mata in ji damuwarsu, in dawo in rubuta rahoto da Faransanci. Ina jin Hausa da Fulatanci da ɗan Larabcin Shuwa, amma Faransancina na rubutu bai taka kara ya karya ba, don ban ƙare sakandare ba. Bara wata ƙawata ta nuna mini wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, in zuba mata rubutuna da kurakuransa, ta dawo mini da shi tsaf. Shugabarmu ta fara yabon rahotona a gaban kowa. Yanzu ta ce za ta ba ni kujerar mai haɗa rahotannin ofis duka, albashi ya ƙaru, kuma ni zan riƙa yi wa baƙi daga Yawunde bayani. Ba ta san da manhajar ba. Abu biyu ke hana ni barci. Wata abokiyar aiki ta fara yi mini habaici cewa akwai na'urar da ke gane rubutun inji. Sannan na sake karanta wani tsohon rahotona, na ga inda na rubuta cewa famfon wani ƙauye wata rana ya ba da ruwa wata rana ya ƙi, manhajar ta mayar da shi cewa famfon yana aiki yadda ya kamata, kuma haka na miƙa. Gwaggo, ha'inci nake yi? In faɗa wa shugabar, ko in yi shiru in karɓi kujerar? Ni ke riƙe da mahaifiyata da ƙannena.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka bisa ɗawainiyar da kike yi da mahaifiyarki. Kin jero damuwa biyu, kin sa habaicin abokiyar aiki a gaba, famfo a baya. Ni da famfon zan fara, domin shi ne ba ya jira.

Kin fi ni sanin abin da ke faruwa ran da famfo ya ƙi. Mata su ɗauki jarka da ƙoƙo su gangara mayo, wato kogin da ya ƙafe da rani, su tona yashi kamu biyu ko uku, su tsuguna suna jiran ruwa ya tsattsafo, su riƙa kwalfa kaɗan-kaɗan har jarka ta cika. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Arewa Mai Nisa ke haura digiri 40, ramin ƙara zurfi yake yi, layin ya ƙara tsawo. Kusa da ramin nan dabbobi ke sha. Mutanen yankinmu ba su manta da amai da gudawar 2010 ba, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka. Shi kuwa wanda ke zaune a ofis yana raba kuɗin gyara, bai taɓa ganin famfon nan ba, abin da takardarki ta ce shi zai ɗauka. Ta ce masa famfo lafiya lau, sai ya tsallake ƙauyen ya kai kuɗin wani wuri, kuma bai yi laifi ba. Matan nan sun zauna da ke a kan tabarma, sun faɗa miki gaskiyar halin da suke ciki da harshen da kuke ji tare, don sun yarda za ki isar. Saƙon ya isa a juye.

Saboda haka gobe da safe, kafin kowace magana ta kujera, ki ɗauki littafin da kike rubutu a ƙauye, ki buɗe shafin ranar, ki haɗa da rahoton da kika miƙa, ki shiga wurin shugabarki. Ki nuna mata layin, ki ce wannan bai dace da abin da matan suka faɗa ba, kina so a gyara a sanar da duk wanda aka tura wa. Kada ki tsaya a wannan rahoto kaɗai. Ki ware yamma biyu ko uku ki bi sauran da suka bi ta cikin manhajar, ki gwada su da littafinki. Inda aka samu ɗaya, da wuya ya zama shi kaɗai ne.

Ya kamata ki san dalilin da ya sa manhajar ta yi haka, don kada ki ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Irin waɗannan manhajoji, su ChatGPT da kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar a Nuwamban 2022, da QuillBot, da DeepL Write na Jamus, an horar da su ne da tarin rubuce-rubucen da mutum ba zai iya karancewa ba ko da zai shekara dubu. Abin da suka koya daga ciki shi ne wace kalma ce ta fi saurin biyo bayan wace. In kin ce a kyautata miki jimla, manhajar za ta karkata zuwa ga yadda aka fi yawan faɗar irin wannan magana a rubutun da ta gani. A ganina nan haɗarin aikinki yake, domin rahotannin ƙungiyoyi da ake bazawa a intanet yawancinsu labarin nasara ne: an haƙa rijiya, mata sun huta, yara sun koma makaranta. Jimlarki ta "wata rana ya ba da ruwa, wata rana ya ƙi" tana da gargada, sai aka goge gargadar, alhali a cikinta gaskiyar take. Manhajar ba ta je ƙauyen ba, ba ta da hanyar sanin wace kalma ce in an cire ta wani zai kwana da ƙishirwa. Ke kika je.

To, ha'inci ne? Hukuncin halal da haram na malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa. Amma ga yadda nake kallon abin. Neman wanda zai gyara maka magana a takarda tsohon abu ne. Iyayenmu sun je wurin masu rubuta wa jama'a wasiƙa, waɗanda ke kafa ɗan teburi kusa da gidan waya ko ƙofar ofishin hukuma. Mutum ya faɗi buƙatarsa da Hausa ko Fulatanci, a zuba masa ita cikin Faransancin da ofis ke karɓa, ya dangwala yatsa, babu wanda ya kira shi maha'inci. Sai dai mai hankali a cikinsu ba ya dangwalawa sai ya ce a karanta masa a fassara masa abin da aka rubuta. Wannan matakin ne kika tsallake. Amfani da manhajar ban ga aibinsa ba. Sa hannu a kan abin da ba ki bi layi-layi ba, shi ne inda aka samu ɓaraka. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 don sun miƙa takarda ɗauke da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba. Alƙalin bai nemi inji ba, masu sa hannu ya kama.

Akwai kuma ɓangare na biyu, wanda na san shi ne ke cin zuciyarki. Hadisi ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ki lura, ba a hana mutumin sayar da kayansa ba, an ce ne ya bari mai saye ya ga abin da zai saya. Zuwa yau shugabarki rahoto take karɓa daga gare ki, kuma aikin ƙauyen da ke cikinsa guminki ne. Amma kujerar da take miƙo miki, ta gina ta a kan zaton cewa Faransancin nan daga kanki yake fitowa. In kin karɓa kin yi shiru, kin bar ta ta yanke shawara a kan abin da kin san ba haka yake ba. Shi ya sa amsata ita ce ki faɗa mata, kuma kafin ki ce kin karɓa.

Ba sai kin shiga kina rawar murya kamar wadda aka kama da kayan sata ba. Bayan kin nuna mata layin famfon, ƙofar maganar ta riga ta buɗu. Ki ce mata: "Madam, ina rubuta rahotona da kaina, sannan in sa wata manhaja ta gyara mini Faransancin. Ta nan wannan kuskure ya shigo. Na ga ya kamata ki sani kafin mu ci gaba da maganar sabon aikin. Ina son aikin, kuma ina so ki san daidai inda ƙarfina yake da inda nake buƙatar taimako." Daga nan ki yi shiru ki saurare ta. Ki kuma tambaye ta ko ƙungiyar tana da ƙa'ida a kan irin waɗannan manhajoji, don wurare da yawa yanzu sun rubuta tasu.

Kada ki raina abin da kike riƙe da shi a hannu lokacin da za ki shiga ofishin nan. Masu Faransanci mai kyau suna da yawa, Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana yaye su kowace shekara. Amma macen da za ta sauka daga babur a ƙauyen da tashin hankalin Boko Haram ya sa mutane jin tsoron baƙo, ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, tsohuwa ta faɗa mata abin da ba za ta faɗa wa namiji mai riƙe da takarda ba, irinta ba a samunta ko'ina. Shugaba mai hankali ta san haka. Rashin ƙare sakandare kuma bai zama abin kunya gare ki ba. 'Yan mata nawa ne a yankinmu aka cire daga aji tun kafin su kai inda kika kai? Ke ga shi da abin da kika samu kina ciyar da gida.

Batun abokiyar aikinki gajere ne. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke da'awar gane rubutun inji, amma ba abin dogaro ba ne. OpenAI da kansa ya fitar da irinta a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. A shekarar dai masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun Ingilishi na ɗaliban da ba harshen uwarsu ba ne, sai suka ɗora wa fiye da rabin rubutun tambarin inji, alhali mutane ne suka rubuta. Ban faɗa miki wannan don ki samu mafaka ba, tunda ke kin san kin yi amfani da manhaja. Na faɗa ne don ki daina tsoron na'ura, kuma kada wani ya ruɗe ki ki sayi waɗancan manhajojin da ake tallatawa cewa suna ɓatar da sawun inji a rubutu. Wannan kam ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ne da gangan. Ran da shugabarki ta ji daga bakinki, habaici ya rasa abin kamawa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi habaicin tayar mini da hankali. Me kike zubawa cikin manhajar? In rahoton yana ɗauke da sunayen mata, da sunan ƙauye, da abin da wance ta ce game da mijinta ko game da waɗanda suka shigo musu da dare, to duk wannan yana barin wayarki ya tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Wasu manhajojin, musamman na kyauta, suna iya amfani da abin da aka rubuta musu wajen ƙara horar da injinsu, sai in mutum ya shiga saituna ya kashe. Ba ƙaramar magana ba ce. Italiya ta dakatar da ChatGPT na kusan wata guda a 2023 a kan batun bayanan mutane, kamfanin Samsung ma ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irinsa a shekarar bayan wasu sun zuba bayanan cikin gida. Kamaru kuma ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024. A wajen Mora da Kolofata, ke ma kin sani, sunan mutum haɗe da maganar da ya faɗa yana iya jawo masa abin da ba a fata. Daga yau ki cire kowane suna kafin ki liƙa rubutu, ki sa "wance" da "ƙauye kaza", ki mayar da sunayen da hannunki bayan an gama gyara. Labarin fyaɗe ko na wanda ya tsero daga daji kuwa, kada ya shiga manhaja ko da babu suna. Wannan ma ki faɗa wa shugabarki, domin haƙƙin ƙungiyar ne ta sani.

Ban ce ki jefar da manhajar ba. Ki sauya irin aikin da kike ba ta. Akwai bambanci tsakanin mai nuna kuskure da mai sake rubutu. Irin su LanguageTool da Antidote, har da jan layin da Word ke yi a ƙarƙashin kalma, asalin aikinsu su nuna miki inda kika kauce, ke ki zaɓa. Masu sake rubutu kuwa karɓe jimlar suke yi su ba ki wata. Na farkon sun fi dacewa da rahoton da ran mutane ke rataye a kansa. In kuma da mai sake rubutun za ki yi aiki, ki daina ce mata "kyautata wannan". Ki ce ta gyara nahawu da rubutun kalmomi kaɗai, kada ta ƙara, kada ta rage, kada ta sauya ma'ana, kuma ta jero miki kowane gyara da dalilinsa. Ki riƙa ba ta sakin layi ɗaya-ɗaya, don in kin zuba shafi biyar a tare idonki zai gaji ya wuce abu. Ko da kin gindaya mata sharaɗin nan tana iya zamewa, saboda haka ki ajiye naki da nata gefe da gefe. Ki sa ido a kan alƙaluma, da kwanan wata, da ƙananan kalmomin nan masu nauyi: wasu, wani lokaci, kaɗan, har yanzu, ba a yi ba. Su aka fi haɗiyewa. Gwaji na ƙarshe, ki karanta jimlar da aka gyara, ki mayar da ita Fulatanci ko Hausa da bakinki, ki tambayi kanki ko matar da ta faɗa miki za ta ce haka ta ce. Kalmar da ba za ki iya bayaninta ba in baƙo ya tsayar da ke, ki cire ta ko da ta yi daɗin ji.

Wata dabara da wasu ke yi, su rubuta da Hausa su sa inji ya fassara zuwa Faransanci, ba na ba ki shawararta. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, Fulatanci kuwa sai a 2024, kuma rubutun harsunanmu da injinan suka koya daga ciki kaɗan ne in an gwada da na Faransanci. Nan ma'ana ta fi saurin ɓacewa, ga shi hannunki ba zai saba da rubutun da kike son koya ba.

Jerin gyare-gyaren nan da manhajar za ta riƙa ba ki, shi ne darasinki na kyauta. Ki sayi ƙaramin littafi, duk kuskuren da ya maimaitu ki rubuta shi, naki a hagu, daidai a dama. Za ki tarar ba su da yawa kamar yadda kike tsoro, 'yan ƙalilan ne ke ta dawowa: wace kalma ce namiji wace ce mace, yadda ƙarshen aikatau ke sauyawa, inda alamar kan wasali ke zama. Wata uku kina haka, jerin zai fara gajarta, ki gani da idonki. Amma magana a gaban baƙi, wannan babu manhajar da za ta tsaya miki. Babbar makarantar horar da malamai ta Marwa cike take da ɗalibai masu koyon koyar da Faransanci, da yawansu suna neman ɗan abin sabulu. Ki nemi mace a cikinsu, ku yi ciniki, ta riƙa zuwa gida sau biyu a mako, ki tsaya a gabanta ki yi bayanin rahotonki da baki tana yi miki tambayoyi irin na baƙi. Gidan rediyon RFI yana da labaran minti 10 cikin sauƙaƙƙen Faransanci, ana kuma samun rubutunsu a intanet, ki riƙa saurara kina bin rubutun da ido. Bayani a taro ba ya buƙatar doguwar jimla. Ki faɗi abin da kika gani, a ina, mutum nawa, me suke nema.

Ita kujerar, ina ganin ki nema, kada ki gudu. Ki roƙi shugabarki ta ba ki watanni na gwaji, wani ya riƙa duba rahoton ƙarshe tare da ke kafin ya fita, ki kuma ci gaba da shiga ƙauye ko sau ɗaya a wata, don mai haɗa rahoton da ya daina ganin mutanen da ake rubutu a kansu shi ma goge gargada yake fara yi.

Ba zan ɓoye miki ba, tana iya jin haushi, tana iya ɗage maganar kujerar ko ta ba wani. In haka ta faru, albashinki na yanzu yana nan, aikin da kika iya yana nan, kuma kin zama ma'aikaciyar da ta kawo kuskurenta da ƙafarta kafin a gano. Ki tambaye ta kai tsaye me take so ta gani a wurinki kafin a sake duba maganar, da kuma yaushe, ki rubuta amsar a littafinki a gabanta. Kafin ki shiga ki sanar da mahaifiyarki abin da za ki je yi, ki nemi addu'arta, don kada labarin ƙarin albashi ya riga ya zauna mata a rai.

Allah ya yi miki jagora, ya sa shugabarki ta fahimce ki. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.

Gwaggonku